ZAUREN MASU MOTA: Agogon Zafi A Tsohuwar Mota

Ga shi bazara ta kawo jiki, kuma duk wanda ya san hanyar arewa ya san abin da Maris da Afrilu ke nufi. A Bolga da Navrongo zafin rana yakan haura digiri 40, kwalta ta yi laushi, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe ƙofofin lagireto. A irin wannan lokaci ne muke yawan ganin manyan motoci a gefen titi tsakanin Tamale da Kintampo, an zuba ganye a kan hanya, yaron mota yana neman ruwa da jarka.

Maganar ta shafe mu, domin abincin gidaje da yawa a zangunanmu yana rataye ne a jikin waɗannan tsofaffin motoci. Su ke kawo albasa daga Bawku da Nijar, su ke sauko da shanu, su ɗauki doya a Techiman, su koma arewa da goro. Yawancinsu na hannu ne, sun gama aiki a Turai kafin su zo mana. Ka leƙa gaban direba, sau da yawa za ka tarar allurar agogon zafi ta kwanta tun shekarun baya, ba wanda ya damu. Direba ba ya sanin inji ya ɗau zafi sai ya ga tururi ko ya ji ƙauri, alhali a lokacin ɓarna ta riga ta auku: kan inji ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai, in abin ya yi muni fistin ya cije. Sai a kwana uku a daji, albasa tana ruɓewa a cikin buhu, mai kaya yana neman wanda zai biya shi.

To, sayen sabon agogo a ɗaura ba wani babban kuɗi ba ne in aka gwada da sauke inji. Amma abin da muke so mu ja hankali a kai shi ne, agogon da ke faɗin ƙarya ya fi mataccen agogo haɗari. Mai mataccen agogo yana tafe yana ɗar-ɗar, yana tsayawa yana duba ruwa. Wanda agogonsa ke nuna lafiya lau alhali inji na dahuwa, shi kam taka mota zai yi ta yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bari mu fara da lissafi kaɗan. Injin dizal yana jin daɗin aiki ne in ruwansa yana tsakanin digiri 80 da 90 ko sama kaɗan. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto mai kyau yana danne shi yadda ba zai tafasa ba sai wajen 120. Wannan tazara ita ce lokacin da direba ke da shi na ceton injinsa, kuma agogo ne kaɗai zai nuna masa ya shiga cikinta.

Agogon da ake samu a kasuwa iri biyu ne. Akwai wanda ba ruwansa da lantarki. Shi yana da wani ɗan kan ƙarfe da ake cusawa cikin ruwan inji, da siririn bututu na tagulla da ya taho har bayan agogon. A ciki an ɗura wani ruwa mai saurin zama tururi; in zafi ya ƙaru sai ya tura allura. Kyawunsa shi ne ko batir ya mutu, ko wayoyin motar duk sun zama ɗaure-ɗaure, yana nan yana aiki, har bayan an kashe inji. Aibinsa kuwa, bututun nan ba a yanka shi, ba a karya shi, ba a yi masa ƙari. Ya huje ko da kamar bakin allura ne, agogo ya tashi aiki. A motocin da ake kifa kansu gaba don a kai ga inji, lanƙwasawar yau da gobe takan karya shi. Na biyu shi ne mai lantarki: ana murɗa abin da makanikai ke kira sansa a jikin inji, waya ɗaya ta taho zuwa agogo. Ya fi sauƙin ja, kuma in waya ta tsinke a ɗaura wata. A ganinmu, tsohuwar mota mai dogon hanci wadda wayarinta ya gaji, mai bututu ya fi dacewa da ita. Wadda ake kifa kanta, a sa mata mai lantarki.

Wurin saye ne ake yawan faɗawa rami. Mutum ya je Magazin a Suame, ko Abossey Okai a Ankara, ya tsinci agogo a wannan rumfa, ya tsinci sansa a waccan, don ya rage 'yan sidi. Nan ne kuskuren yake. Kowane kamfani da yadda ya auna sansarsa da agogonsa. Ka haɗa sansar VDO da agogon wani kamfani, allura za ta motsa, har ka ji daɗi, amma lambar da take nunawa ba ta gaskiya ba ce. A saye su tare a kwali ɗaya. Sannan a duba bayan agogon: manyan motoci masu batir biyu a jere 24 suke amfani da shi, ƙanana kuwa 12. Agogon 12 a motar 24 ƙonewa zai yi, ko ya haukace. Haka nan a dubi fuskar agogon. Wanda ya fito daga Amurka yakan zo da ma'aunin F maimakon C. A wurinsa 180 ita ce wajen 82 tamu, 212 kuma ita ce 100. In direba bai san haka ba, sai ya ga 180 ya ɗauka mota za ta kama wuta. Wanda ya fi mana sauƙi shi ne mai rubutun 40 zuwa 120, da lambobi a fili, ba mai launin kore da ja kawai ba.

Sai maganar tiredi, wato zaren da ake murɗawa a rami. Motocin Jamus da awon milimita suke, irin su 14 ko 10, na Amurka da nasu awon inci, na Ingila da Japan kuma da wani awon incin dabam. Biyun nan na ƙarshe kamar tagwaye suke a ido, bambancinsu zare ɗaya ne a inci, 27 da 28. Zai shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije. In yaron gareji ya sa ƙarfi da sifana, ya cinye ramin kan inji ke nan, gyara ya haifi gyara. Mafita ita ce a kwance tsohuwar sansa a tafi da ita kasuwa, in ba a sami daidai ba a nemi ɗan mahaɗi na tagulla.

Kafin a ɗaura, ga gwajin da ko ɗan firamare ya san shi. A dafa ruwa a buta, a tsoma kan agogon a ciki yana tafasa, kada ya taɓa gindin butar. Allura ta tsaya dab da 100. In mai lantarki ne sai a haɗa shi da batir, a ɗaura wayar at a jikin sansar. Wanda ya nuna 85 a tafasasshen ruwa, a mayar wa mai shi tun rasit bai ɓace ba.

Inda za a ɗaura shi ma magana ce babba, kuma a nan muke yawan saɓawa da wasu makanikanmu. Ruwa mafi zafi yana wurin da yake fita daga kan inji, dab da tamostat, ta ɓangaren injin. Nan ne mazaunin sansa. Wasu don neman sauƙi sai su yanka tiyon sama su sa ta a can. To, ran da tamostat ya maƙale a rufe, ruwan zafi ba zai iso tiyon ba, agogo zai nuna sanyi inji kuwa yana ƙuna. Tiyon ƙasa ya fi muni, domin ruwan da lagireto ya riga ya sanyaya ne ke bi ta nan. Kuma lalle kan sansar ya nutse cikin ruwa mai gudu, kada dogon mahaɗi ya janye shi baya. A yi aikin inji yana da sanyi, a rage ruwa, in an gama a cika a bar iska ta fita.

Ga mai lantarki, wuta ta fito daga bayan makulli ta bi ta fis, kada a ja ta kai tsaye daga batir. Sansa mai waya ɗaya ta jikin inji take samun at ɗinta, saboda haka in aka naɗe tiredin da farin tef kamar rawani, an raba ta da at, sai allura ta yi ƙasa ko ta ƙi motsi. Inda waya ko bututu zai ratsa ƙarfen gaban mota a sa masa roba, a nisanta shi da salansa da fanbel. In bututu ya yi saura, a naɗe shi da faɗi a ɗaure. Kada a manta da ƙwan fitilar agogon, tunda yawancin tafiyarmu ta dare ce, kuma a kafa shi inda ido zai faɗa kansa ba sai an sunkuya ba.

Wani abin da sabon agogo zai tona shi ne al'adar nan ta cire tamostat a yar, wai ƙasarmu da zafi. Za ka ga allura ta ƙi wuce 60 da asuba ko a gangara. Inji mai sanyi haka yana shan mai, yana hayaƙi, ringinsa na saurin cinyewa. A wasu injuna ma tamostat ne ke rufe wata 'yar hanya da ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga lagireto ba, cire shi sai ya jawo zafin da ake gudu. In ya lalace, a sa sabo.

Saura karatun agogon. A kwanakin farko direba ya lura da inda allura ke zama da lodi a miƙaƙƙiyar hanya, da inda take kaiwa a hawa irin na Nakpanduri. Wasu sukan ɗiga fenti a gilashin daidai wurin, kuma dabara ce mai kyau, har yaron mota zai gane in ta wuce. In ta fara hawa a kan tudu, a sauko da giya a rage wa inji nauyi, fanka ta ƙara gudu. In ta doshi 100 ba ta da niyyar dawowa, a nemi wuri a tsaya. Idan fanbel na nan kuma ruwa bai zube ba, a bar injin yana aiki a hankali na 'yan mintoci; idan fanbel ya tsinke ko ruwa na tsiyaya, a kashe nan take. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, mun san mutane da yawa da tabon wannan a hannu da fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji, yana iya tsagewa.

Akwai wata alama guda da ke yaudarar har tsofaffin direbobi. Allura ta hau, ta hau, sai kwatsam ta faɗo ƙasa ba tare da an yi kome ba. Sau da yawa ba sauƙi ne ya samu ba, tiyo ne ya fashe ruwa ya ƙare, sansa ta koma rataye a iska ba abin da take aunawa. Wanda ya ga haka ya sauka daga titi ya kashe mota, ya jira ta huce sannan ya duba ruwa.