Jita a Mile 2: Waƙar Wa Za a Kaɗa?

Duk wanda ya bi ta Mile 2 a Ikko da almuru, inda titin Badagry ya gitta wanda ya taso daga Apapa zuwa Oshodi, tankoki da tireloli sun yi sahu direbobinsu na jiran lodi, ba zai rasa jin Hausa ba. Abin da kunnensa bai saba da shi ba, wanda kuwa ya fara ɓulla a hannun wasu samarinmu na can da na Agege, shi ne amon jita. Yaro zai tara 'yan kuɗinsa ya sayo ta hannu a kasuwar Alaba, ya jingina wayarsa da bango, wani Bature a YouTube yana nuna masa inda zai ɗora yatsu, kuma sau da yawa waƙar farko ita ce "Knockin' on Heaven's Door" ta Bob Dylan, wadda ta fito a 1973, domin kamu huɗu kacal gare ta, G da D da Am da C, suna ta kewayawa.

Mas'alar halacci na bar wa ma'abota ilmi, tun da jumhur sun hana kayan tsirkiya, Ibn Hazm na Andalus kuwa ya halatta, ni kuma ba mufti ba ne. Da wanda ya riga ya ɗauka nake magana.

Ban raina wahalarsa ba. Tsirkiyar ƙarfe takan ci kan yatsu har su yi kanta, hannun hagu sai ya koyi sauya kamu ba tare da na dama ya dakata ba, ga danshin Ikko mai sa tsirkiya tsatsa tun ba ta tsufa ba. Amma inda nake da ja shi ne tsayawa a nan, alhali kuwa wanda ake kwaikwayon bai tsaya a kan taƙlidi ba. Dylan tsofaffin waƙoƙin talakawan Ingila da Amurka ya haƙo, har da na bayi, ya zuba musu sababbin kalmomi, sa'an nan a 1965, a bikin Newport, ya ɗora su a jitar lantarki, wasu masoyansa suka yi masa ihu. Wanda ya haddace waƙarsa ya bar hanyarsa, lalle lafazi ya ɗauka ya bar ma'ana.

Mu ma ba mu rasa abin haƙowa ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda, da shi kuma ya yi "Waƙar Karen Mota". To, ga karen motar nan kwance ƙarƙashin tirela a Mile 2, da tabarmarsa da butarsa, tazarar taku kaɗan daga mai koyon jitar da ke rera abin da su biyun ba su san fassararsa ba.

Gaskiya ne aikin ba sauƙi. Hausa harshe ne mai karin sauti, sai karin waƙa ya bi hawa da saukar kalma, in ba haka ba ma'ana ta gurɓace, kiɗanmu kuma galibi a kan murya biyar yake tafiya, don haka kamun Turawa yakan yi karo da shi. Sai dai maƙwabtanmu sun riga sun warware wannan mushkila. Ali Farka Touré na Mali daga 'yar molo mai tsirkiya ɗaya ya koma jita, ya taho da salonta. Bombino na Agadas da Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, sukan riƙe amo guda a ƙasa yana ta gunji, yatsu kuma su bi muryar mawaƙi a sama. Wannan salon ya fi kusa da garaya da gurmi irin na Haruna Uji, kuma ba Baturen waya ne zai koyar da shi ba. Sai yaro ya nemi mai gurmi a wurin biki a Agege, ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna yana duban yatsunsa.