Ku Daina Yi Wa Babba Dariya Don Yana Koyon Turanci

Jiya a majalisarmu nan Matazu raina ya ɓaci. Wani yayanmu mai harkar masara, ya haura shekara 45, ya ce ya samu malamin da ke koya masa magana da Turanci ta WhatsApp, su biyu kawai, minti 30 bayan isha'i. Sai aka bushe da dariya, wai tsoho zai zama Bature.

To wallahi ku ne abin dariya. Mutumin nan tirela yake lodawa daga Funtua zuwa Legas, amma in wakilin kamfani ya kira sai ya nemo yaro ya yi masa tafinta. Yaron ya ji sirrin ciniki, wataran ma ya ɗora nasa. Laifi ne don ya gaji?

Mu da muka yi sakandare fa? Mun ci Turanci a WAEC, amma a tsayar da mu gaban jama'a sai baki ya mutu. Tsoron irin dariyar nan ce ta kashe mu. Shi ya sa karatun mutum biyu ke aiki: ka yi kuskure, a gyara maka, ba mai ɗaukarka a bidiyo.

Ni ma ina kishin Hausa, kuma ban ji daɗin soke koyarwa da harshen uwa da minista Tunji Alausa ya sanar a Nuwamban 2025 ba. Amma kishi ba ya cike fom ɗin banki.

Masu NCE ta Turanci daga Isa Kaita, Dutsin-Ma, da ke zaune ba aiki, ga kasuwa nan a wayarku.

Kai kuma mai dariya, in ka isa, yi mana minti biyu da Turanci mu ji.