Girafiti: hannu ya san harafi kafin ya taɓa bango

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, ba wuya a ga bangon lakwal ko na wani kango da matasa suka fesa wa suna. Yawanci sunan fada ne ko laƙabin wani mawaƙin rap. Haruffan sun karkace, fenti ya tsiyayo har ƙasa, na ƙarshen kuma an matse shi don wuri ya ƙare. Sha'awar tana nan. Abin da ya rage shi ne koyo, kuma yawancin masu farawa ta wutsiya suke kama shi.

Sukan ga bidiyo a TikTok, wani a Faransa ya cika bango cikin daƙiƙa 30, sai su ruga sayen gwangwanin feshi. Bidiyon ba ya nuna littattafan da mutumin ya cika da zane kafin ya kai nan. Ko a Amurka, inda abin ya samo asali, da rubutun suna kawai aka fara. Cornbread a Filadelfiya a ƙarshen shekarun 1960, da TAKI 183 wanda jaridar New York Times ta ba da labarinsa a 1971, sa hannu suke yi, abin da ake kira tag. Daga baya ne haruffa suka yi ƙiba, aka zagaye su da layi, aka sa musu inuwa, har aka kai ga masu sarƙaƙiya da sai ɗan gida ke iya karantawa. Wanda ya tsallake matakin farko ya faɗa na ƙarshe, kwalliya yake yi wa harafin da ba shi da ƙashi.

Kayan mai farawa kaye ne da bik. Ya ɗauki kalma mai harafi huɗu ko biyar, ya rubuta ta da manyan baƙaƙe tsararru, ba ƙawa, har tsayinsu ya daidaita, kaurin sandunansu ya zo ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ta daina rawa. Tazarar nan ita ke tona asirin sabon hannu. Daga nan sai alli ko gawayi a bangon gida, domin rubutun bango da kafaɗa ake yin sa, wuyan hannu kaɗai ba ya ja dogon layi. Gwangwani sai daga baya. Shi ma yana da nasa karatu: a matsa kusa layi ya yi siriri, a ja baya ya bazu, a tsaya wuri guda fenti ya zubo.

Malaman kuma ba su da nisa. Mai rubuta allon tela da na mai aski, da wanda ke rubuta karin magana a bayan manyan motoci, sun san yadda ake auna kalma ta cika wuri ba tare da ta shaƙe ba. Ƴan boko sukan raina su, alhali wata uku a gefen irin wannan mutum ya fi shekara ana kallon waya. Wanda ya yi makarantar allo ma ya riga ya san yadda bakin alƙalami ke ba da kauri da siranta, ya kuma ga zayyana. Tsoffin gidajen unguwar Birni a Damagaram shaida ne cewa ƙawata bango ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Akwai wani filin da babu mai tsere da matashin nan a cikinsa: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Ba wani gwani a New York da zai nuna yadda lanƙwasar ƙ za ta hau kan harafin da ke biye. Haka ajami. Mai zanen nan eL Seed, ɗan asalin Tunisiya, da rubutun Larabci ya yi suna, ya kuma rubuta a hasumiyar masallacin Jara a garin Gabes a 2012 da yardar limamin. A Dakar, inda Docta ya kafa bikin Festigraff a 2010, bango yana magana da Wolof. Sai dai a kiyaye: bangon bakin titi da ake zuba shara a gindinsa ba wurin aya ba ne.

Sannan bango yana da mai shi. Wannan ya fi shafar ƴan ci-rani. A Faransa, doka ta tanadi tarar euro 3,750, kusan sefa miliyan biyu da rabi, tare da aikin gayya na dole, ga wanda ya yi rubutu a bangon da ba a ba shi izini ba, ko da ɓarnar kaɗan ce. Ga wanda takardunsa ba su cika ba, tarar ce ƙaramar matsala. A gida kuma, sallama ga mai gida ko mai shago, da nuna masa zanen a takarda, takan buɗe ƙofar da dare ba ya buɗewa, wani lokacin har da ɗan kuɗin fenti.

Ma'aikatun magajin gari su ma suna da abin yi. Katangun filayen ƙwallo da na gidajen matasa suna nan fayau, sai tallan ƴan siyasa da ya koɗe. A ware ko da mita 20 a kowace unguwa, a riƙa shafe shi da farar ƙasa duk wata, masu koyo su samu inda za su ɓata su gyara da rana tsaka.