RA'AYINMU: Aljanun Wasan Japan da Abin da Ya Shafe Mu

Wani zai ce mujallar Ƙungiyar Ɗalibai ta rasa abin faɗi ne, har ta ɓata shafinta na ra'ayi a kan wasan kwamfuta. To, mu dai a ganinmu duk abin da samari ke kwana a kansa, suna koyon sunaye da labarai daga gare shi, ya zama makaranta ko da ba a kira shi haka ba, kuma tilas ne masu ilmi su duba abin da ake karantarwa a ciki. Wannan ne ya sa muka ɗauki jerin wasannin nan na ƙasar Japan da ake kira Megami Tensei, domin mu auna matsayin da aka ba aljanu a cikinsu.

Asalin abin littafi ne. A cikin shekarar 1986 wani marubuci mai suna Aya Nishitani ya wallafa ƙagaggen labari a kan wani ɗan makaranta da ya ƙirƙiro manhajar kiran aljanu ta hanyar kwamfuta. A 1987 kamfanin Atlus ya mayar da labarin wasa a na'urar Famicom, sa'an nan a 1992 ya fito da Shin Megami Tensei, wanda shi ne ya kafa tsarin da ake bi har zuwa kashi na biyar da ya fito a 2021. Daga wannan gida ne kuma jerin Persona ya ɓalle a 1996. Dukansu irin wasan nan ne da mai wasa ke shiga rigar jarumin labari, ya riƙa yanke shawara a madadinsa.

A galibin wasannin wancan zamani, dodo abin kashewa ne kurum. Nan kuwa sai aka sake lale. In mai wasa ya gamu da aljani, yana da damar ya tsaya su yi magana. Aljanin ya nemi kuɗi, ko wani abin hannu, ko ma ya ce a sam masa wani abu daga ƙarfin jikin jarumin. Ya yi tambaya ta gwada hali, in amsar ta yi masa daɗi ya bi ka, in ba ta yi ba ya kwashe abin da ka ba shi ya yi gaba. Daren da wata ya cika kuwa hankalinsu a tashe yake, ba a cika samun kansu ba. Wanda ya amince ya bi ka ana kiransa nakama, kalmar da a harshensu take nufin aboki, amma sai aka rubuta ta da harafin shaiɗan a ciki. Har ila yau akwai wani gida da ake kai aljanu biyu a narkar da su, a fitar da guda wanda ya fi su ƙarfi. Watau abokin yau shi ne kayan haɗin gobe. Duk wannan an fara shi shekaru tara kafin Pokémon ya zo a 1996 ya yayata tara halittu a duniya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne aikin da aljanun nan ke yi wa labarin. A wasan 1992 abin ya fara ne daga unguwar Kichijoji ta birnin Tokiyo. Aljanu suka ɓarke, wani hafsan soja ya ƙwace iko, jakadan Amurka kuwa, wanda ashe Thor ne na tatsuniyar mutanen arewacin Turai a cikin siffar mutum, ya sa aka yi wa birnin ruwan makaman nukiliya. Ba sai an gaya wa kowa abin da wannan ke tuna wa ƙasar da ta ga Hiroshima da Nagasaki a 1945 ba. Bayan rushewar birnin sai aka aje wa mai wasa hanyoyi uku. Akwai ɓangaren tsari, mai alkawarin zaman lafiya bisa sharaɗin biyayya ba tambaya. Akwai ɓangaren 'yanci marar linzami, inda mai ƙarfi ke cin rabon marar ƙarfi. Akwai kuma tsaka-tsaki, wadda mai bin ta sai ya yaƙi ɓangarorin biyu, har da abokansa da suka shige su. Ashe ke nan aljanun tufafi ne aka sanya wa aƙidun siyasa. Ɗalibin da ya karanta tarihin juyin mulki da na mulkin kama-karya zai gane wannan gardama tun daga nesa, kuma a nan mun yaba wa masu wasan, domin ba su ɓoye cewa kowace hanya tana da farashinta ba.

To, amma fa akwai inda muka rabu da su. Kalmar da suke amfani da ita, akuma, ma'anarta shaiɗan, alhali kuwa sun zuba kowa da kowa a cikin wannan kwando guda: ifiritai da gulai na labaran Larabawa, da Odin, da Amaterasu ta Japan, da Shiva da Vishnu waɗanda miliyoyin mutane a Indiya ke bauta wa har yau, da mala'iku masu sunayen da Musulmi da Kirista da Yahudawa ke girmamawa. Duka an ba su lamba da farashi, ana cinikinsu, ana narkar da su. Ga wanda ya ɗauki addinan duniya tarin tatsuniyoyi, wannan ba kome ba ne. Ga mai imani kuwa abin da ciwo. Shi ya sa wasu mabiya addinin Hindu suka koka a kan yadda aka zana Krishna a wasan da ya fito a 2016. Kukansu yana kan hanya. Gwanintar mai zane irin su Kazuma Kaneko, wanda ya tsara siffofin aljanun shekara da shekaru, ba ta wanke wannan laifi.

Ga kuma inda zancen ya iso ƙofar gidanmu. A faɗaɗɗen bugun kashi na biyar an sanya Anansi, gizo-gizon nan mai wayo na tatsuniyar mutanen Akan na ƙasar Gana, ɗan'uwan Gizo namu na Ƙoƙi. Kowane aljani a wasan yana da ɗan taƙaitaccen bayani na asalinsa, kuma yaro a Osaka ko Landan iyakar abin da zai sani game da Anansi ke nan. Wanda ya riga ka rubuta labarinka, shi duniya za ta saurara. Mu ma mun ɗanɗana wannan: manyan littattafan farko na tatsuniyoyinmu Turawan mulki ne suka tattara, irin su Frank Edgar daga 1911, sai daga baya malamanmu irin su marigayi Ibrahim Yaro Yahaya suka karɓi aikin.

Saboda haka kiranmu kashi biyu ne. Na farko, ga masu cewa a rufe ido a la'anci wasan gaba ɗaya, da masu haɗiye shi ba tauna, muna cewa duka biyu sun kauce wa aikin ɗalibi. Wanda ya ga imaninsa bai yarje masa ba, ya bari, ba wanda zai zarge shi. Wanda kuma ya taɓa, ya taɓa da hankalinsa a farke, ya san cewa bayanin da kamfanin wasa ya yi a kan mala'ika ko abin bautar wasu ba hujja ba ne, ya koma ga littafi da malami.

Na biyu, ga 'yan'uwanmu na sashen Hausa da na kimiyyar kwamfuta da na zane-zane. Japanawa sun ɗauki labaran kakannin wasu sun gina sana'ar da ta kusa shekara arba'in tana ciyar da su. Mu muna da Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami, ga tsofaffin da suka san su suna ta ƙarewa. Muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya zama tsakanin waɗannan sassa uku a wannan zango, a fara da ɗaukar tatsuniyoyi daga bakin masu su lokacin hutu, a rubuta, a zana. In ba mu yi ba, wata rana za mu ga Gizo a allon wayar 'ya'yanmu da sunan da wani ya raɗa masa, da halin da wani ya zaɓa masa, mu kuwa mu biya kuɗi mu kalla.

Allah ya sa mu farga, amin.