Rubutun da ke jikin buhu alkawari ne



Ya 'yan'uwa Musulmi, wata magana tana yawo a kasuwanninmu, wai dokar da ta tilasta rubuta nauyi da ranar lalacewa a jikin kaya dokar Nasara ce, Shari'a ba ta san ta ba, saboda haka babu zunubi ga wanda ya karya ta. Wannan magana ɓatacciya ce, kuma galibin masu yaɗa ta suna da abin da suke ɓoyewa a shago.

Malamanmu na Malikiyya sun gama da wannan mas'ala tun kafin a san gwangwani. A cikin Muwaɗɗa da Risala akwai cinikin da ake kira bai'u alal barnamaj: a sayar da ɗaurin kaya ba tare da an kwance shi ba, bisa dogaro da takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Imamu Malik ya halatta shi domin kwance kowane ɗauri wahala ce da ɓarna. Amma halaccin ya rataya ne a kan gaskiyar takardar. In kaya suka saɓa mata, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. To, mene ne "50 kg" a jikin buhun shinkafa in ba barnamaj ba?

Wanda ya farke buhu, ya ɗebe tiya guda, ya sake ɗinkewa, ya sayar da kuɗin cikakke, ya shiga cikin waɗanda Suratul Muɗaffifin ta buɗe da yi musu narkon azaba. Tauye mudu na cikin laifukan da suka halaka mutanen Annabi Shu'aibu (AS). Wanda ya goge ranar lalacewa a gwangwanin madara kuwa ya haɗa algus da cutarwa, domin sau da yawa yaro ne zai sha.

Suna cewa: ai mai saye ya yarda. Da me ya yarda? Da kilo 50 da ya karanta, ba da 47 da ya kai gida ba.

Sa ido kan ma'auni kuma ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Aikin muhtasibi ne a kasuwannin magabata. Idan hukuma ta kafa doka a kan haka, binta wajibi ne, ko da da Faransanci aka rubuta ta.

Wanda ya san ya rage, ya mayar wa masu haƙƙi. In bai san su ba, ya yi sadaka da kimar abin a madadinsu. Wallahu a'alam.