Ƙarin ɗaki a Zamfara: Tsakanin kuɗin yinin magini, jinga da tsadar siminti

Da zarar amfanin gona ya shigo gida a Zamfara, abu biyu kan taso tare: bukukuwan aure da aikin gini. Wanda ya sayar da waken suya ko masara ya fara lissafin ɗakin da zai yi wa ɗansa mai shirin aure, wani kuma katangar da damina ta kayar ce ke gabansa.

A 'yan shekarun nan an samu dalili na uku, wanda ya fi sauran nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun koro dubban mutane daga ƙauyuka zuwa Gusau, Tsafe da Bungudu, kuma da yawansu ba sansani suka nufa ba, gidajen 'yan uwa suka sauka. Gidan da aka gina don mutum takwas ya koma ɗaukar ashirin. A irin wannan gida ƙarin ɗaki ya zama dole, kuma tambayar farko da mai gida ke yi ita ce: nawa magini zai karɓa?

Babu farashin gwamnati

Babu wata hukuma da ta yanka wa magini ko lebura kuɗin yini. Dokar mafi ƙarancin albashi da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yulin 2024 ta tsayar da naira 70,000 a wata, sai dai ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin da ake biya gwargwadon abin da suka yi. Wato kusan duk wani gini da ake yi a cikin unguwa yana wajen dokar. Ciniki ne kawai tsakanin mai gida da mai cokali.

Duk da haka adadin yana da amfani a matsayin ma'auni. In aka raba naira 70,000 a kan kwana 26 na aiki, kowace rana na tashi kusan naira 2,700. Masu gida kan riƙe wannan lissafi su ce magini ya fi ma'aikacin gwamnati samu nesa ba kusa ba. A takarda haka ne. Amma ma'aikaci albashinsa na tafiya ko an yi ruwa ko ba a yi ba, shi kuwa magini ranar da siminti ya yanke wa mai gida, ko tifar yashi ba ta iso ba, ko aka kwana da labarin hari a hanya, ranar ta tafi a banza. Wanda ya samu aikin kwana 12 a wata, da kuɗin kwana 12 zai ciyar da iyalinsa kwana 30.

Abin da ya tayar da farashin kowa ya san shi. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Magini da tiyar masara yake auna ladansa, ba da takardar hukuma ba.

Siminti ne ke jan ragama

A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba a mafi yawan kasuwanni. A Oktoban shekarar kamfanin BUA ya sanar da saukar da farashinsa na bakin masana'anta zuwa naira 3,500, amma sauƙin bai iso shagunan unguwa yadda aka zata ba. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000, har Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge, aka fito da matsayar naira 7,000 zuwa 8,000. Matsayar ba ta daɗe a kasuwa ba, farashin ya koma yana yawo a kusa da naira 10,000.

Abin da ke ba mutane haushi a wannan yanki shi ne masana'antar BUA ta Kalambaina tana nan Sakkwato, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai daga Gusau, kuma tirelolin da ke ɗauko kayan ta Talata Mafara da Maru da Bungudu suke bi. Kusancin bai zama rangwame ba, domin kuɗin dizal da ribar dillalai da haɗarin hanya duk a kan buhun ake ɗora su.

Wannan ya shafi kuɗin yini ta hanya biyu. Maginin da a farkon 2023 kuɗin yininsa ke sayen buhun siminti ɗaya, yau sai ladan ya ninka kafin ya tsaya inda yake a da. Shi kuma mai gida, da ya ga ba shi da iko a kan Dangote ko mai sayar da rodi, sai ya juyo kan abu ɗaya da ke karɓar ciniki, wato ladan ma'aikaci. A nan kuskuren lissafin yake, kuma ɗaki ɗaya ya isa ya nuna shi.

A ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 da za a jingina da bangon da ke tsaye, wato bango uku za a tayar. Bulo mai inci tara tsawonsa santimita 45 ne, don haka kowane layi zai ci kimanin 24. Layi 12 zuwa inda za a ɗora rufi ya ba da 288. A cire gurbin ƙofa da taga, a ƙara layi uku na harsashi, ana maganar bulo 330 ko kusa da haka. Ɗora su zai ci siminti buhu shida ko bakwai, ban da na kankaren harsashi, da na linta, da daɓe, da filasta.

Yanzu a ce, don misali, magini na karɓar naira 8,000 a yini, leburori biyu kowanne 4,000. Kowa ya sa adadin garinsu a gurbin waɗannan, lissafin ba zai canza ba. Yini ɗaya ya tashi 16,000. In suna ɗora bulo 80 a rana, kwana huɗu sun kusa gamawa, kuɗin hannu 64,000, kowane bulo ya ci naira 200. In hannun ya yi sanyi suka koma 55 a rana, aikin ya zama na kwana shida, kuɗin ya koma 96,000. Mai gidan da ya yi awa guda yana ciniki har ya rage naira 1,000 a kuɗin yini ya tsira da 4,000 ko 6,000 ne kacal, alhali jan aikin kwana biyu ya cinye masa 32,000. Saboda haka tambayar da ta fi "nawa ne yininka?" amfani ita ce "bulo nawa kake ɗorawa a yini?"

Yini, jinga ko ƙidayar bulo

Aikin yini ya fi dacewa da gyaran da ba a san iyakarsa ba, kamar fasa tsohon bango ko gyaran harsashin da ruwa ya ci. Sharaɗinsa ɗaya ne, mai gida ko wakilinsa ya kasance a wurin. Wanda zai tafi ofis tun safe ya dawo bayan la'asar, ya bar ma'aikatan yini su kaɗai, kada ya yi mamakin abin da zai tarar.

Jinga kuwa an yanke kuɗin aikin gaba ɗaya, magini ya gama a kwana uku ko a goma, matsalarsa ce. Tana ba mai gida natsuwa a kan kuɗi, amma tana tura magini ga gaggawa, kuma gaggawa a gini tana ɓuya ne a inda ido ba ya kaiwa: harsashin da bai yi zurfi ba, tsakanin bulo da ba a cike da kwaɓi ba, bangon da ya ɗan karkace aka bar wa mai filasta ya rufe. Filasta mai kauri siminti take ci, kuma mai gida ne ke saye. Biya a kan kowane bulo yana tsakanin biyun, ya fi sauƙin ƙidaya, sai dai a fayyace tun farko ko kuɗin lebura da na ɗaura katakon hawa suna ciki, domin ɗora bulo a layi na biyu ba ɗaya yake da ɗora shi a layi na goma sha ɗaya ba.

A ganina jinga mataki-mataki ta fi wa ƙarin ɗaki: kuɗin harsashi daban, daga nan zuwa linta daban, zuwa rufi daban, filasta da daɓe daban, ana biyan kowane mataki bayan an duba shi. Rigimar da ta fi kai mutane gaban mai unguwa ko kotun shari'a ita ce ta kafin alƙalami mai yawa, magini ya karɓi rabin kuɗi ya tafi ya fara wani aikin da su. Ta ɗaya ɓangaren ma akwai ta, a gama aiki mai gida ya shiga "ka dawo jibi". Malaman fikihu sun shar'anta a san lada a kuma san aikin kafin a fara, kuma saƙon WhatsApp ɗaya da aka rubuta adadin a ciki, gaban shaidu biyu, yana kashe rabin wannan gardama.

Akwai wani abu da ƙarin ɗaki ya bambanta da sabon gini, kuma a nan ake gane gwani. Tsohon bango ya riga ya zauna, sabo kuwa zai ɗan nutse a shekarar farko. In aka manna su haka kawai, tsagewa za ta fito daidai mahaɗar, ruwan damina ya samu hanya. Gwani zai sassaƙe tsohon bangon ya sarƙa sabon bulo a ciki, ko ya tsayar da ginshiƙin kankare a mahaɗar. In tsohon ginin na ƙasa ne, kamar yadda yake a gidaje da yawa a Tsafe da ƙauyukan Bungudu, gara sabon ɗakin ya tsaya da bangonsa huɗu. Mai son ɗora bene a kan tsohon gida kuma ya wuce hurumin magini, sai injiniya ya duba harsashin, sai kuma izinin hukumar tsara birane. Rushewar makarantar Saints Academy a Jos a Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, ta isa tunatarwa.

Bulon ma a duba shi. A ƙa'idar masu sana'ar, buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 mai inci tara ba. A farashin naira 10,000, simintin da ke cikin kowane bulo ya kai kusan naira 285. Mai buga 50 da buhu ɗaya ya sauke shi zuwa 200, shi ya sa nasa ke da araha, shi ya sa kuma yake marmashewa tun a bayan mota. A ɗakin da muka lissafa, bambancin kusan naira 28,000 ne.

Kasuwa biyu a gari ɗaya

Rashin tsaro ya raba kasuwar ma'aikata gida biyu. Manoman da aka raba da gonakinsu sun shigo gari ba su da jari sai ƙarfinsu, kuma aikin lebura ne ƙofar da ke buɗe. Yawan masu neman aikin yana danne ladansa, duk da cewa su ne suka fi jin tsadar abinci. Ƙwararren magini kuwa nemansa ake yi. Ayyukan sabunta birnin Gusau da gwamnatin Dauda Lawal ta fara tun 2023, da gyaran makarantu, da filin jirgin sama da aka soma a 2024, duk suna jan gwanaye zuwa wurin 'yan kwangila, inda aikin ke ɗaukar watanni. Wanda ke da ɗaki ɗaya na kwana biyar da su yake takara. Haƙar zinare ma, wadda gwamnatin tarayya ta haramta a jihar a 2019 ta kuma ɗage haramcin a Disambar 2024, ta daɗe tana jan matasa masu ƙarfi daga kan baro da shebur.

A wajen gari lissafin ya sake juyawa. Mutumin Kekun Waje ko wani ƙauye da ke nesa da kwalta zai iya samun maginin garinsu da sauƙi, amma siminti da rodi da kwano daga Gusau za su fito, kuma direban da zai bar babbar hanya sai ya sa kuɗin kasadarsa. In gwani zai ɗauko daga birni, to akwai kuɗin mota, da abinci, da wurin kwana, kuma ba kowa zai yarda ya kwana ba. Wanda zai zo da hantsi ya kama hanya kafin la'asar, yininsa bai cika ba, amma kuɗin yini cikakke zai karɓa. A irin wannan wuri aikin yini asara ce ga mai gida. Ga kuma tsoron da ba a cika faɗa a fili ba: sabon ginin bulo da kwano mai ƙyalli a ƙauye sanarwa ce cewa akwai kuɗi a gidan, kuma masu kai wa 'yan bindiga rahoto suna da ido. Wannan na cikin abin da ke sa wasu su gwammace su sayi ɗan fili a gefen Gusau, su bar gidan gado yadda yake.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Da damina leburori kan koma gona, inda ake iya nomawa, yashi ya yi wuyar ɗauka a rafi. Bayan kaka hannu ya yawaita amma masu gini ma sun yawaita. Hunturu kuwa yana busar da siminti kafin ya kama, dole a riƙa shayar da bango da daɓe safe da yamma na aƙalla mako guda. A Gusau, inda unguwanni da dama suka dogara da 'yan ga-ruwa, wannan kuɗi ne na musamman, kuma yawanci ba a tuna shi sai an fara aiki. A faɗi tun ranar ciniki wa zai sayi ruwan, wa kuma zai shayar bayan magini ya kwashe kayansa.

Haka ma maganar rauni. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da asusun NSITF ke kula da ita, amma leburan da aka ɗauka a bakin titi da safe ba ya cikin rajistar kowa. In ya faɗo daga kan katakon hawa ya karye, magini zai ce mai gida ne ke da aikin, mai gida ya ce shi da magini ya yi jinga bai san lebura ba, kuɗin mai ɗori kuma ya faɗa kan iyalin da dama gudun hijira ya kawo su garin.