Alexa Za Ta Gane "Haɗin Kauri"?

Tun a farkon 2017 kamfanin Starbucks na Amurka ya ba kwastomominsa damar sayen kofi da baki kawai. Mutum na kwance a ɗaki zai ce wa Alexa, na'urar Amazon mai amsa magana, ta yi masa odar abin da ya saba sha, kafin ya isa shago an haɗa. Wasu abokanmu in sun ga irin wannan a waya sai ka ji suna "kai, Turawa sun yi nisa!" Ni dai ba nisan ne ya dame ni ba. Tambayata ita ce: muryar wa na'urar take ganewa?

Ko a can ɗin abin bai zauna ba. McDonald's ta haɗa kai da IBM ta gwada karɓar oda da na'ura a shaguna sama da 100, a tagogin da masu mota ke saye ba tare da sun fito ba. A 2024 ta dakatar da gwajin, bayan bidiyoyi sun cika intanet na mutanen da suka nemi abu ɗaya na'ura ta yi ta jera musu wani. A 2025 wani ya ce wa na'urar Taco Bell ta ba shi kofin ruwa 18,000, ta rikice. Abin dariya ne, amma akwai wanda ba na dariya ba. Binciken da masana na Jami'ar Stanford suka fitar a 2020 ya nuna manhajojin Amazon, Apple, Google, IBM da Microsoft na kuskuren kusan kashi 35 cikin ɗari na kalmomin baƙaƙen fatar Amurka, na farare kuwa kashi 19. Dukkansu fa Turanci suke yi. Dalilin a fili yake: na'ura tana koyo ne daga muryoyin da aka tara mata, wanda ba a ɗauki irin maganarsa da yawa ba, ba za ta ji shi sosai ba.

To yanzu kawo ta teburin mai shayin bakin get. "Malam, haɗin kauri, Lipton ya ji, kar ka cika suga, sauran canjin jiya a cire." Jimla ɗaya, ga Hausa, ga sunan kaya, ga lissafin bashi. Mai shayi ko ɗago kai ba ya yi, ya san kofinka, ya san ƙarshen wata ne alawus bai shigo ba. Siri da Alexa kuwa ko gaisuwar Hausa ba a koya musu ba. Don haka babu wanda zai ƙwace wa mai shayi sana'a gobe, kuma ni ban ga abin gaggawa a nan ba.

Inda abin ya shafe mu shi ne, a wurin Ba'amurke oda da baki hutu ne kawai, don yana iya dannawa. A wurin iyayenmu da ba su yi boko ba, murya ita ce hanyar da ta fi sauƙi zuwa waya. Duba yadda suke aika saƙon murya a WhatsApp. Matar da ke sayar da zoɓo da kunun aya daga cikin gida, da za ta iya karɓar oda ta duba cinikinta da baki, ai ta fi mai shan kofi a Seattle buƙatar wannan fasaha.

An fara motsi. A 2024 Google ta saka Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da rubutu da murya. Shirin Common Voice na Mozilla ma yana karɓar muryoyin Hausa kyauta, kowa na iya karanta jimloli ya tura. Ɗalibai 'yan HND na sashen kwamfuta da duk shekara ake maimaita furojet ɗin rajistar ɗalibai, ga aiki nan. A nemi izinin masu shayi da masu fura na kewayen makaranta, a naɗi yadda ake oda da Kananci da Sakkwatanci da Zazzaganci, maza da mata, a rubuta shi daidai. Ƙungiyar ɗalibai na iya ware Asabar ɗaya a ɗakin taro, kowa ya zo da wayarsa.